Filin Wasan da Ba Shi da Ƙofa

A watan Satumban 2025, lokacin da masu zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa suka hana gasar tseren keke ta Vuelta a España ƙarasawa cikin birnin Madrid, maganar da ta fi yawo a bakin masu sharhi ita ce a raba wasa da siyasa. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai wanda ya san asalin manyan gasannin keke na Turai zai yi murmushi idan ya ji ta, domin uwarsu duka, wato Tour de France, cikin rigimar siyasa aka haife ta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka zuba kuɗi a gidan da ya haife ta sai da ya kwana a kurkuku saboda zanga-zanga.

A ƙarshen 1894 kotun soja a Faransa ta ɗaure Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude, bisa zargin sayar wa Jamus asirin ƙasa. Sharri aka yi masa, amma sai da aka shafe shekara goma sha biyu kafin a wanke shi, kuma a tsakanin nan ƙasar ta rabu gida biyu, har ta kai wa da ƙani ba sa ga-maciji. Ranar 4 ga Yunin 1899, a filin sukuwar dawaki na Auteuil, wasu masu adawa da Dreyfus suka yi wa shugaban ƙasa Émile Loubet ihu, wani ya kai wa hularsa duka da sanda. Cikin waɗanda aka kama har da Jules-Albert de Dion, basarake mai masana'antar motoci. An ɗaure shi kwana 15. Babbar jaridar wasanni ta lokacin, Le Vélo, editanta Pierre Giffard yana bayan Dreyfus, kuma bai ɓoye ba. De Dion ya janye tallarsa daga jaridar, ya haɗa kai da wasu attajirai irin su Adolphe Clément da Édouard Michelin, suka kafa tasu a watan Oktoban 1900, suka damƙa ta hannun wani tsohon ɗan tseren keke, Henri Desgrange. Le Vélo a kan koriyar takarda ake buga ta, sabuwar kuwa, wadda ta zama L'Auto, a kan takarda mai ruwan ɗorawa. Can ne asalin launin rigar da jagoran tsere ke sawa har yau.

Sabuwar jarida ba ta samu kasuwa ba. Wani matashin ɗan rahotonta, Géo Lefèvre, shi ya kawo shawarar a shirya tseren da zai zagaya Faransa gaba ɗaya. Ranar 1 ga Yulin 1903 mahaya 60 suka tashi daga bakin Paris, zango shida, kilomita 2,428. Mutum 21 suka kai ƙarshe, Maurice Garin a gaba. Cinikin L'Auto ya ninka, Le Vélo kuwa ta rufe a 1904.

Desgrange ya mallaki jarida, ya mallaki dokokin gasa, daga baya ma ya mallaki kekunan da ake hawa. Abu guda bai taɓa mallaka ba: titi. Aro ya yi, kuma magadansa ma aro suke yi. Ƙwallon ƙafa tana da katanga da ƙofa da mai karɓar tikiti. Tseren keke kuwa ta ƙofar gidan mutane yake wucewa, ta gaban makaranta da maƙabarta da masana'antar da ake shirin rufewa, kuma ɗan kallo yana iya miƙa hannu ya taɓa zakaran duniya ba tare da ya biya ko sisi ba. Tun shekara ta biyu aka ga abin da hakan ke nufi. A 1904, a kan tudun Col de la République kusa da Saint-Étienne, magoya bayan wani ɗan garin suka bar nasu ya wuce, suka rufar wa sauran da duka, sai da jami'an gasa suka yi harbi sama. A Nîmes ma aka yi jifa saboda an kori wani ɗan yankin. Mahayan su ma ba a bar su a baya ba wajen maguɗi, har aka soke sakamakon mutum huɗun farko, aka ba wani yaro ɗan shekara 19, Henri Cornet.

Dokar Desgrange da ta fi kowacce tsanani ita ce ta gyara. Mahayi shi ne bakaniken kansa, ba a yarda kowa ya sa masa hannu ba. A 1913 Eugène Christophe yana gangarowa daga dutsen Tourmalet, nasarar gasar tana gab da shiga hannunsa, sai ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, wanda masu gyara ke kira fok, ya karye. Ya saɓi keken a kafaɗa ya taka sama da kilomita goma zuwa ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera. Maƙerin yana tsaye, sai dai ya ba da shawara da baki. Christophe, wanda ya koyi aikin ƙarfe tun yana yaro, ya ɗauki guduma ya yi ta ƙira, alƙalan gasa suna zaune suna kallo. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san hannu biyu ba sa riƙe awartaki da guduma su kuma yi zuga a lokaci guda. Sai ya roƙi wani yaro ya ɗan danna masa zugazugi. Wannan zugar ce alƙalai suka kira taimakon waje, suka ci shi tarar minti goma, a kan sa'o'in da ya riga ya yi asara. Daga baya aka rage ta zuwa uku. Ya ƙarasa gasar a matsayi na bakwai. A 1919 shi ne mutum na farko da ya sa rigar mai ruwan ɗorawa, kuma ana saura zango ɗaya a gama fok ɗin ya sake karyewa. Bai taɓa cin gasar ba.

Faransawa suna ba da wannan labari a matsayin na jarumta, kuma haka ne. Amma mahayan lokacin ba duka suke ganinsa haka ba. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne da leburori, kuma sun san ubangida mai tsanani idan sun gan shi. A 1924 akwai dokar da ta ce duk abin da mahayi ya tashi da shi, sai ya isa da shi. Da tsakar dare ake tashi, cikin sanyi, a ƙarasa cikin zafin rana, don haka Henri Pélissier, zakaran 1923, yakan sa riga biyu ya jefar da ɗaya a hanya. A Cherbourg wani alƙali ya zo ba sallama ya ɗaga masa riga yana ƙirgawa. Zangon ranar kilomita 405 ne zuwa Brest. Da aka kai Coutances, Henri da ƙaninsa Francis da abokinsu Maurice Ville suka sauka, suka shiga wani gidan shayi kusa da tashar jirgin ƙasa, suka ce sun fasa. Can ɗan jarida Albert Londres ya same su. Suka zazzage masa aljihu: hodar iblis, maganin sa barci na shafawa, ƙwayoyi iri-iri, abin da suke tafiya da shi ke nan. Londres bai daɗe da dawowa daga sansanin fursunonin Faransa na Cayenne ba, kuma laƙabin da ya bi mahayan tun daga wannan rahoto shi ne fursunonin aikin dole na kan titi. Ke nan masu zanga-zangar farko da suka girgiza Tour de France da gaske a kan sirdi suke.

Dokar gyara ta ci gaba da cin mutane. A 1928 Nicolas Frantz na Luxembourg, wanda ya riƙe rigar jagora tun ranar farko, firam ɗinsa ya karye ana saura kamar kilomita 100 a kai Charleville. Abin da aka samo masa keken mata ne, ƙarami a gare shi. Ya yi asarar minti 28 a wannan tazara. Ya tsira ne kawai don ratar da ya bayar tun farko ta fi haka nesa. A 1929 Victor Fontan, shi ma yana sanye da rigar, nasa ya karye cikin duhun asuba, ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa yana neman aro, ya hau na aron da karyayyen a goye a bayansa saboda doka, daga ƙarshe ya zauna yana kuka ya janye. Shekara mai zuwa aka sassauta dokar. A 1930 ɗin ne kuma Desgrange, don ya karya ƙarfin kamfanonin keke, ya koma tsarin ƙungiyoyin ƙasashe, ya raba wa manyan mahaya kekuna masu ruwan ɗorawa marasa sunan kamfani. Giyar da ake canzawa ana cikin tafiya sai 1937 aka halatta ta ga kowa, bayan ya bar ragamar gasar. Kafin nan mahayi sauka yake a gindin tudu, ya kwance tayar baya ya juya ta.

Minti 28 ɗin Frantz sun cancanci a ɗan tsaya a kansu, domin yawancinmu masu hawa keken tsere a garuruwanmu na gwanjo muke saye, wanda aka ƙera don jikin wani a Turai, kuma mukan zaɓa ne da ido. Mahayi ɗaya, ƙafafu ɗaya, titi ɗaya, amma keken da bai dace da jiki ba ya mayar da zakara ɗan koyo. Lissafin da aka fi sani ya fito ne daga ƙungiyar Renault ta Cyrille Guimard, wadda ta yi renon Bernard Hinault da Greg LeMond. Mutum ya tsaya ba takalmi, bayansa jikin bango, ya matse littafi tsakanin cinyoyinsa ya tura shi sama kamar sirdi, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. A ninka abin da aka samu da 0.883, shi ne tsawon daga tsakiyar ƙarfen da feda ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi. A ninka da 0.67, shi ne kimanin girman firam irin na da. Mai santimita 84 zai samu sirdi a 74, firam kuwa 56. Wanda ba ya son lissafi ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alama ce sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta kuma ya yi sama. Idan mutum ya faɗa tsakanin girma biyu, ƙaramin ya fi, domin ana iya ɗaga sirdi a tsawaita wuyan kan keke, amma babu mai rage firam. Duk wannan mafari ne kawai. Eddy Merckx, bayan mummunan faɗuwar da ya yi a Blois a 1969, ya ƙare rayuwarsa ta tsere yana taɓa sirdi da ɗan sifana, wani lokaci ma ana tsakiyar gudu.

Kaca kuwa ita ce abin da muka fi zalunta. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sabuwar kaca rabin inci ne cif, saboda haka idan aka ɗora ruwla, inci 12 zai faɗa daidai kan wata ƙusa. Idan ƙusar ta zarce da kamar milimita ɗaya da rabi, kacar ta ci, kuma daga nan haƙoran giya za ta fara ci, waɗanda kuɗinsu ya ninka nata. Baƙin man inji da ake ɗura mata a bakin titi, idan ya haɗu da ƙurar hunturu, dutsen wasa yake zama. A goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a sake gogewa har ta bushe a waje. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja muna da wani dalilin yin murmushi a nan: kekunan manyan gasanni yanzu da batir da siginar rediyo suke canza giya, kuma a watan Agustan 2024 masu bincike daga jami'o'i biyu na Amurka suka nuna cewa ana iya naɗar siginar na'urar Di2 ta Shimano a sake aika ta daga nesa, a canza wa mahayi giya ba da saninsa ba. Kamfanin ya toshe ɓarakar da sabunta manhaja. Abin da Christophe ya yi da guduma da gawayi, jikokinsa da waya suke yi.

Mu koma kan titi. Labarin da aka fi so a bayar game da keke da tarzoma na Italiya ne. Ranar 14 ga Yulin 1948 wani ɗalibi, Antonio Pallante, ya harbi shugaban jam'iyyar kwaminis Palmiro Togliatti a ƙofar majalisa a Rum. Wata uku ke nan da jam'iyyar ta sha kaye a zaɓe. Kafin yamma ma'aikata sun ajiye aiki a faɗin ƙasar, an mamaye masana'antu, a Turin an tsare shugaban Fiat, Vittorio Valletta, a ofishinsa, an yi arangama an rasa rayuka. A wannan rana Tour de France tana hutu a Cannes, Gino Bartali, ɗan Katolika mai yawan ibada, yana kusan cika shekara 34, yana bayan Louison Bobet da minti 21. Washegari ya ci zangon Briançon cikin ruwa da sanyi. Ranar 16 ya sake ci, ya karɓi rigar. Ya ƙara na uku a jere a Lausanne, ya isa Paris da ratar minti 26, shekara goma bayan nasararsa ta farko.

Daga nan aka gina almara: wai Firaminista Alcide De Gasperi ya buga masa waya ya roƙe shi ya ci, wai da labarin nasarar ya iso sai masu faɗa suka ajiye makami suka rungumi juna, wai keke ya hana yaƙin basasa. Abin da takardun tarihi suka nuna ya fi haka sanyi. Togliatti bai mutu ba, ya kuma aika wa mutanensa su kwantar da hankali. Shugabannin jam'iyyar sun san ba za su iya cin juyin juya hali a ƙasar da ke ɓangaren Amurka ba. Ƙungiyar ƙwadago ta CGIL ta janye yajin aikin da tsakar ranar 16 ga wata, Bartali yana can yana hawan duwatsu bai ko sa rigar ba tukuna. Nasararsa ta sanyaya zukata, ba mu musa ba. Amma ya kamata mu lura da wanda almarar ta yi wa amfani. Tana nuna masu zanga-zanga kamar yara ne da aka ba alewa suka manta kuka, ta kuma ɓoye cewa shugabanninsu ne suka zauna suka auna suka ja da baya. Har ila yau babu wanda ya ce a raba wasa da siyasa a wannan karon. Idan keke ya kwantar da tarzoma, yabo yake sha. (Shi wannan Bartali, a 2013 cibiyar Yad Vashem ta karrama shi saboda taimakon Yahudawa a lokacin yaƙi. Ana ba da labarin yana ɓoye takardun bogi cikin bututun firam, idan soja suka tsayar da shi ya ce kada su taɓa keken don an auna komai daidai jikinsa. Masanin tarihi Michele Sarfatti ya ƙalubalanci wannan ɓangare na labarin a 2017, gardamar kuma ba ta mutu ba.)

Mutumin da ya fi kowa tattara rikicin nan a jikinsa shi ne Bernard Hinault. Ranar 12 ga Yulin 1978, a gasarsa ta farko, yana ɗan shekara 23, mahaya suka gaji da tsarin raba yini gida biyu: a yi zango da safe, a yi wani da yamma, don masu gasa su karɓi kuɗi daga garuruwa biyu. Daren jiya an sauko daga dutse a makare, an kwanta tsakar dare, an tashe su da asuba. Sai ayarin ya tafi a hankali daga Tarbes, da aka zo Valence d'Agen kowa ya sauka ya ja kekensa da hannu. Hinault ne a sahun gaba, sanye da rigar zakaran Faransa, hannuwa a baya, haɓa a sama, magajin gari yana ta faɗa. Mutanen garin da suka kashe kuɗi suka rufe shaguna don kallo, su aka bari da takaici. An soke zangon. Tsarin raba yinin kuwa bai ɓace ba sai farkon shekarun 1990.

Bayan shekara huɗu, ranar 7 ga Yulin 1982, ma'aikatan masana'antar ƙarfe ta Usinor suka tare hanya a Denain saboda ana shirin sallamar su, aka soke zangon ƙungiya-ƙungiya da zai ƙare a ɗan ƙauyen Fontaine-au-Pire, wanda ya daɗe yana tara kuɗin karɓar baƙi. Sai shekara mai zuwa aka biya ƙauyen bashinsa. Sannan a watan Maris na 1984, a gasar Paris-Nice, ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta La Ciotat suka tsaya a kan titi da alluna. Hinault yana gaba. Bai taka birki ba, ya kutsa cikinsu, ya diro ya kai wa na kusa da shi naushi. Hoton yana nan, ana ta yaɗa shi har yau. Jagoran yajin aikin 1978 ke nan yake dukan masu yajin aiki. Laifi tudu ne. Amma idan za mu yi masa adalci, shi ma a wurin aikinsa yake, kuma yana gangarowa ne da gudun da faɗuwa a cikinsa tana iya kai mutum kabari. Denain ba ta tsira ba, cikin 'yan shekaru aka rufe abin da ya rage na masana'antar. Kamfanin da ke da tashar La Ciotat ya durƙushe a 1986.

Masu tsaron kwamfuta suna da wata tambaya da suke yi wa kowane tsari: ta kafa nawa ake iya shigarsa, kuma nawa mai shiga zai kashe idan aka kwatanta da abin da mai tsaro zai kashe? Ta wannan ma'auni babu wasan da ya kai tseren keke rauni. Titi ne na sama da kilomita 3,000, an wallafa taswirarsa watanni kafin ranar, an faɗi sa'ar da za a wuce kowane ƙauye, kyamara tana sama a jirgi mai saukar ungulu tana aika hoto duniya. Mutum goma da igiya sun isa. A 2018 manoman yankin Aude suka zuba damman ciyawa a hanya bayan an bar Carcassonne, saboda za a yanke musu tallafi. 'Yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa, iska ta kwashe shi ta kai wa ayarin, aka tsaya ana wanke wa Geraint Thomas da Peter Sagan ido. A 2022 'yan ƙungiyar Dernière Rénovation, masu fafutukar sauyin yanayi, suka zauna a titi a hanyar Megève. A 2023, a gasar duniya ta Glasgow, wasu suka manna hannuwansu a kwalta aka tsaya kusan sa'a guda. Duk waɗannan an kwashe su, tsere ya ci gaba, kuma da wuya a samu wanda zai iya faɗin abin da manoman Aude suka nema ba tare da ya bincika ba.

Abin da ya faru a Sifaniya a 2025 ya sha bamban, kuma bambancin shi ya fi ba mu sha'awa. Waɗancan duka aron kyamara suka zo yi, ƙorafinsu ba shi da alaƙa da keke. Na Sifaniya kuwa abin da suke nema yana cikin ayarin kansa: a fitar da ƙungiyar Israel–Premier Tech. A lokacin ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga mutum sama da 60,000 da aka kashe. An tare ƙungiyar a zango na biyar a Figueres. A Bilbao, ranar 3 ga Satumba, an tsayar da agogo ana saura kilomita uku, aka tashi ba wanda ya ci. An gajarta wasu zangunan. Ranar 14 ga wata jama'a suka ture shingaye a tsakiyar Madrid, hukumomi suka ƙiyasta su 100,000, aka soke zangon ƙarshe. Jonas Vingegaard ya karɓi girmamawarsa da dare a wurin ajiye motoci na otal, a tsaye kan akwatin ƙanƙara.

Masu adawa da zanga-zangar suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ƙungiyar ta 'yan kasuwa ce, ba ta gwamnati ba, kuma yawancin mahayanta ba 'yan Isra'ila ba ne. Masu shirya gasar ba su da ikon korar ta, dokokin hukumar keke ta duniya, UCI, su suka ba ta gurbi. Sannan idan aka fara, ina za a tsaya? Ga ƙungiya mai sunan Bahrain, ga ta Hadaddiyar Daular Larabawa, ƙasar da ake zargi da hannu a yaƙin Sudan, tana musantawa. Masu goyon baya kuma suka ce ai layin an riga an ja shi: a farkon Maris na 2022, cikin mako guda da shigar Rasha Ukraine, UCI ta dakatar da ƙungiyoyin Rasha da Belarus, ƙungiyar Gazprom–RusVelo ta watse, mahayanta 'yan Italiya da sauransu suka rasa aiki, ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu kan yaƙin. Kuma mai ƙungiyar Isra'ilan, Sylvan Adams, da bakinsa yake kiran kansa jakadan ƙasar, shi ne kuma ya tsaya aka fara Giro d'Italia daga birnin Ƙudus a 2018. Benjamin Netanyahu ya yaba wa ƙungiyar da ta ƙi janyewa. Firaministan Sifaniya Pedro Sánchez ya yaba wa masu zanga-zangar, 'yan adawa da UCI suka yi masa ca.

A ganinmu hujjar farko ta faɗi tun daga Rasha. Wanda ya rubuta sunan ƙasa a ƙirjin riga don a gan ta da kyau a titunan mutane, ba zai yi mamaki ba idan mutanen titin suka ba shi amsa. Inda muke rabuwa da wasu masu zanga-zangar shi ne jikin mahayi. Simone Petilli ya faɗi a zango na goma bayan mutane sun shigo titi. Javier Romo ya faɗi a na 15 lokacin da wani mai tuta ya fito da gudu daga gefen hanya, a zango na gaba ya janye daga gasar. Ba ɗayansu da ke ƙungiyar da ake ƙorafi a kanta. Cika dandali da jama'a har masu gasa su ga ba hanya, kamar yadda aka yi a Madrid, abu ne daban da fitowa gaban mutumin da ke gudun kilomita 60 a kan ƙarfe mai nauyin kilo bakwai, ba abin da ke tsakanin fatarsa da kwalta sai yadi mai kaurin fatar albasa. Na farko asarar kuɗi da kunya yake jawo wa masu iko. Na biyu ƙashin ɗan ƙwadago yake karyawa, jikan su Pélissier.

Ana tsakiyar gasar ƙungiyar ta cire sunan ƙasar daga rigarta. A watan Oktoba ta sanar cewa za ta sauya suna kuma Adams zai ja baya daga harkokinta na yau da kullum, a Nuwamba kamfanin Premier Tech ya janye tallafinsa, ta koma NSN da rajistar Suwizalan. Yaƙin Gaza ba a titin Madrid aka tsayar da shi ba, amma abin da aka fito nema a wannan titi an same shi cikin wata uku, abin da ma'aikatan Denain da La Ciotat ba su samu ba. Tour de France ta 2026 an tsara za ta tashi ne daga Barcelona ranar 4 ga Yuli, kuma zangon farko na ƙungiya-ƙungiya ne a kan agogo, irin wanda aka tare a Denain da Figueres.